Kada Ka Yi Wa Fawa Fak Rowa



Maganata ta yau da matasan da suka tara 'yan kuɗinsu ne suna son haɗa kwamfutar tebur da hannunsu, da masu shagunan buga takardu, da masu tace fim da sauti, da malaman da ke buɗe 'yar cibiya don koya wa yara kwamfuta kafin jarrabawar JAMB. Duk wanda ya zauna lissafin haɗa kwamfuta da kuɗi kaɗan, kusan hanya ɗaya yake bi. Zai fara da furosesa, ya yi ta tambaya ko Intel ko AMD. Ya koma kan bod, ya zaɓi RAM, ya ƙara SSD, in da hali ya leƙa katin girafik. Sai aljihu ya kusa ƙarewa sannan ya tuna da akwatin ƙarfen nan da ke maƙale a bayan kes, mai fanka da tarin wayoyi, wanda masu gyara ke kira fawa fak. A nan ne mai shago zai ce masa, "Kada ka damu ɗan'uwa, ai kes ɗin da nasa yake zuwa." Shi kuma ya ji daɗi, ya ga an rage masa nauyi.

To ni a ganina, a nan ne yawancin asarar take farawa. In RAM ya yi maka kaɗan, kwamfuta za ta yi nauyi, ka haƙura har ka sami kuɗi ka ƙara. In furosesa tsoho ne, aiki zai yi jinkiri amma zai tafi. Fawa fak kuwa shi kaɗai ne a cikin kes ɗin nan da idan ya mutu yana iya tafiya da sauran kayan gaba ɗaya, domin babu wani abu a ciki da ba daga hannunsa yake karɓar wuta ba.

Wutar da ke fitowa daga soket ɗin bango a Najeriya da Nijar tana kusan bolt 230, kuma irin mai kai-komo ce, tana juyawa sau 50 a kowace daƙiƙa. Kayan cikin kwamfuta ba za su iya da wannan ba. Su wuta miƙaƙƙiya suke so, 'yar kaɗan: bolt 12, da bolt 5, da bolt 3.3. Aikin fawa fak shi ne ya karɓi waccan ya mayar da ita waɗannan ukun, ya kuma riƙe su daram ko aiki ya yi yawa ko ya yi sauƙi. Tsarin ATX da kamfanin Intel ya fito da shi a 1995, wanda har yau a kansa ake ƙera yawancin kwamfutocin tebur, ya daɗe da ƙayyade cewa kada su kauce da fiye da kashi 5 cikin 100. Ma'ana layin bolt 12 ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6. Fawa fak mara kyau yakan kasa riƙe wannan iyaka, kuma ba lallai ya yi ƙara ko hayaƙi ka gane ba. Sai dai ka ga kwamfuta tana kashe kanta tana tashi, ko ta daskare ana tsakiyar aiki, ko fayil ya ƙi buɗewa. Mai ita ya ce bairos ne, a goge Windows a sake sawa, a biya kuɗi, bayan mako guda ciwo ya dawo, don ba a taɓa inda yake ba.

Yanzu ka ɗauki fawa fak ɗin a hannunka, ka juya gefensa. Akwai takarda manne, da babbar lamba da aka rubuta da manyan haruffa: 500W, ko 650W. Wannan lambar ita ce take saye wa mutane ido, kuma ita ce ta fi kowace yin ƙarya. Sauke idonka ƙasa kaɗan, za ka ga wani ɗan jadawali mai ƙananan rubutu. Nemi inda aka sa +12V, ka duba lambar da ke ƙarƙashinsa mai harafin A, wato amfiya. Ka ninka ta da 12. Abin da ya fito shi ne ainihin ƙarfin da kwamfutarka za ta amfana da shi, domin furosesa da katin girafik, waɗanda su ne masu cin wuta, duk daga layin bolt 12 suke sha. Za ka iya samun wanda aka rubuta wa 500W, amma a ƙarƙashin +12V an sa 18A. Lissafa da kanka: 18 sau 12, wat 216 ke nan. Sauran ƙarfin an tura shi layin bolt 5 da 3.3, inda kwamfutar zamanin nan ba ta buƙatarsa sosai, ko kuma babu shi ma kwata-kwata, tawada ce kawai. Ka ɗauko na kirki mai 450W, za ka ga a wurin an sa 37A ko kusa da haka, wato wat 444. Ka ga mai ƙaramar lamba ya ninka mai babba. Kamar buhu ne da aka rubuta wa kilo 50 a jiki: sai an ɗora shi a sikeli ake sanin gaskiyarsa.

Akwai kuma wata dabarar. Wasu suna rubuta ƙarfin da fawa fak zai iya bayarwa na ɗan lokaci ƙanƙani ne kafin ya gaji, ba wanda zai iya riƙewa yini guda ba. Wasu kuma a ɗaki mai sanyin digiri 25 suka auna nasu. Kamfanonin da suka san abin da suke yi sukan rubuta cewa ƙarfin nan mai ɗorewa ne, an kuma auna shi a zafin digiri 40 ko 50. Mu da muke ganin zafi ya haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram a watan Afrilu, ga shago mai rufin kwano, ga cikin kes ya fi waje zafi, wannan bambancin ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu.

Sai tambayar da kowa ke yi: wat nawa zan saya? Mutane suna wuce gona da iri a nan. Furosesa irin Core i5 na gama-gari ko Ryzen 5 5600G, wat 65 aka rubuta musu, kodayake sukan ɗan haura in aiki ya yi zafi. Ka haɗa da bod da RAM da SSD da fankoki, in babu katin girafik, da wuya kwamfutar ta kai wat 150. Fawa fak na gaskiya mai wat 300 zuwa 400 ya ishe ta har da ragi. In ka sa ƙaramin kati irin GTX 1650, wanda wat 75 yake ci, lissafin bai canja sosai ba. Amma in ka ɗauko RX 580, wanda matasa da yawa ke so don yana da araha a cikin na hannu, ka sani shi kaɗai yana cin wat 185, RTX 3060 kuma 170. A nan sai ka nemi mai wat 500 zuwa 550 na kirki, ka kuma tabbata yana da nasa filogin katin girafik, mai baki 6 ko 8, wanda ya fito kai tsaye daga cikinsa. In ka ga fawa fak an rubuta masa 600W amma ba shi da wannan filogi, to mai ƙera shi ma ya san ba zai iya ɗaukar kati ba. Kada a ce maka za a sa 'yar adafta daga wayar SATA a haɗa. Waɗannan adaftocin sun sha narkewa, don ba a yi wayar don ɗaukar wannan nauyin ba.

Za ka ga wani tambari a jikin kwalin wasu, an rubuta 80 Plus. Tun 2004 aka fara ba da wannan shaida, kuma abin da take nufi shi ne aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja daga bango tana isa ga kwamfuta, sauran ce ke zama zafi. Akwai hawa-hawa: Bronze, Silver, Gold, Platinum, har Titanium. Ga mai ƙaramin ƙarfi, Bronze ya wadatar. Kuma wannan magana ce ta kuɗi a aljihu. A ce kwamfutarka tana buƙatar wat 200. Fawa fak da ke isar da kashi 70 zai ja kusan wat 286 daga bango, mai isar da kashi 85 kuma kusan 235. Bambancin wat 50 ke nan, a awa 10 ya zama rabin yunit. Ga kwamfuta ɗaya ba ya da yawa. Amma mai cibiya da kwamfutoci 20, yunit 10 yake zubarwa kullum. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin yunit ɗaya naira 225 ga masu layin Band A, kafin daga baya a ɗan rage. Wanda ke kan janareta ko sola ya fi kowa sanin zafin wannan, don shi a litar fetur da batir yake ganin abin.

Sai dai ina roƙonku kada ku ɗauki tambarin nan a matsayin shaidar inganci. Tattalin wuta kawai yake aunawa. Ban da haka, kowa na iya buga sitika ya manna. Ko na gaskiyar ma ba ya hana matsala. A 2021 masu gwajin kayan kwamfuta sun nuna yadda wasu fawa fak biyu na kamfanin Gigabyte, GP-P750GM da GP-P850GM, masu shaidar Gold, suke fashewa idan aka matsa musu da nauyi, har kamfanin ya fito ya ce a dawo da su a canja. Babban kamfani ne, amma waɗannan samfuran sun sami matsala. Shi ya sa nake cewa samfuri ake saye, ba suna kaɗai ba. Kamfanoni da dama da muke ganin sunansu a kwali ba su ne ke ƙera abin ba. Corsair, alal misali, wasu masana'antu ne ke ƙera masa. Masu ainihin ƙerawar su ne irin su Seasonic da Delta da FSP da Channel Well da Super Flower na Taiwan, da Great Wall na China. Kafin ka biya, rubuta cikakkiyar lambar samfurin a wayarka, ka nemi waɗanda suka buɗe shi suka gwada shi da na'ura. In ka yi ta nema ba ka sami ko shafin kamfanin ba, ajiye musu kayansu.

Abin da ya fi tambarin muhimmanci shi ne kariya. A jikin kwali ko littafin na kirki za ka ga wasu haruffa a jere. OVP yana kashe shi idan wutar da yake fitarwa ta haura ƙa'ida. OCP da OPP suna kashe shi idan an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. SCP yana tsayar da shi idan wayoyi suka haɗu, OTP kuma idan zafi ya yi yawa. Waɗannan su ne ke sa fawa fak ya mutu shi kaɗai, ko ya ɗauke kawai ya bar maka bod ɗinka da ransa. Kuma su ne abu na farko da mai ƙera na araha ke cirewa, saboda mai saye ba ya ganinsu. Araha ba ta ado.

Bari in zo kan wutarmu, don nan ne shawarar da ake bayarwa a ƙasashen waje take gaza mana. Su wutarsu a tsaye take. Mu kuwa a dare ɗaya za a kawo ta da rauni har ƙwan lantarki ya yi ja, a ɗauke, a dawo da ita da ƙarfi, a koma janareta. Fawa fak na zamani mai abin da ake kira Active PFC yakan karɓi wuta daga bolt 100 har 240 da kansa, ba sai ka taɓa komai ba, kuma za ka ga an rubuta hakan a takardar gefensa. Irin wannan, ko wuta ta sauko 170, yana ci gaba da aiki. Akwai kuma waɗanda aka rubuta wa 200 zuwa 240 kawai, su da wuta ta yi ƙasa sai su fara wahala. Ga wanda unguwarsu ke fama da ƙarancin ƙarfin wuta, wannan layi ɗaya na rubutu ya fi masa kowace sitika amfani.

Tsofaffin ƙira kuma suna da wani ɗan jan makunni a baya, kusa da inda ake soka waya, gefe ɗaya 115, ɗaya gefen 230. Don Allah jama'a ku kula da wannan. Kwamfutocin hannu da ake shigowa da su daga Amurka, inda wutarsu take bolt 120, sukan zo makunnin yana kan 115. Ka soka shi a soket ɗinmu a haka, ƙara ɗaya za ka ji, sai wari. Kafin ka kunna kowace kwamfutar hannu a karon farko, leƙa bayanta. In akwai yara a shago ko a gida, ka manne makunnin da salatif bayan ka sa shi a 230, don hannun yaro ba ya ganin jan abu ya ƙyale.

Kuma komai kyan fawa fak, ba zai yi aikin da ba nasa ba. Kariyar OVP da na ambata, wutar da yake fitarwa take tsarewa, ba wadda ke shigowa daga titi ba. Idan wayar nutural ta tsinke a layin taransfoma, wutar gida na iya hawa har ta doshi bolt 400, kuma babu fawa fak da zai tsaya wa wannan. Abin da ke taimakawa shi ne 'yar na'urar nan da ke yanke wuta idan ta haura ko ta sauka, ta kuma jira ɗan lokaci bayan an dawo da ita kafin ta sake. Sai UPS, wanda a wurinmu ya zama dole, don ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu ita ce ke lalata fayil. Amma ka san lissafinsa. Lambar da ke jikin UPS ta VA ce, ba wat ba. Mai 650VA, abin da yake iya ɗauka bai fi wat 360 zuwa 390 ba, kuma allon kwamfutar ma a kansa yake. Sannan ƙananan UPS da inbatocin araha wutarsu ba ta fita sumul kamar ta layi, a tsittsinke take, kuma wasu fawa fak masu Active PFC ba sa jituwa da ita. Za ka ji suna zuuu, ko su mutu daidai lokacin da aka ɗauke wuta. Gwajin mai sauƙi ne: haɗa su, ba kwamfutar aiki mai nauyi, ka zare filogin UPS daga bango, ka ga ko za ta tsaya. Da damina kuwa, in hadari ya haɗu ana tsawa, zare komai daga bango. Babu na'urar da ta kai wannan.

To ina mafita ga wanda kuɗinsa ba zai kai sabon mai suna ba? Ra'ayina a fili yake: tsohon fawa fak na gaskiya da aka cire daga kwamfutar ofis, wanda Delta ko FSP ko Lite-On suka ƙera, an rubuta masa wat 300 kuma wat 300 ɗin ne, ya fi mini sabo fil mara suna mai 650W, muddin kwamfutar ba ta da babban kati. Waɗannan an yi su ne don su yi shekaru suna aiki a ofis. Amma a yi hattara da na Dell da HP. Da yawa daga cikin na baya-bayan nan ba su bi tsarin filogi mai baki 24 da kowa ya sani ba. Dell OptiPlex 7020 da 9020, alal misali, filogi mai baki 8 suke amfani da shi, wasu na HP kuma mai baki 6. Ba za su shiga bod ɗin kasuwa ba, na kasuwa ma ba zai shiga nasu ba sai da adafta ta musamman. Wanda ya sayi irin wannan kwamfutar da niyyar ƙara mata kati daga baya, ya fara duba wannan tun a shago.

Matsalar na hannu ita ce tsufa, kuma abin da ke fara tsufa a ciki shi ne kafasita, 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan allon ciki. Akwai ruwa a cikinsu da ke bushewa a hankali, kuma injiniyoyi suna da ƙa'ida cewa duk ƙarin zafin digiri 10 yana rage musu rabin rayuwa. Shi ya sa ake yaba waɗanda aka rubuta wa digiri 105 fiye da masu 85, ake kuma yaba na kamfanonin Japan irin su Nippon Chemi-Con da Rubycon da Nichicon. Haska fitilar wayarka ta ragar fanka ka leƙa. Kan kafasita mai lafiya a shafe yake. In ka ga ya kumbura, ko wani abu mai ruwan ƙasa ya bushe a kansa kamar tsatsa, bar shi. Kusantar da hancinka ka ji ko akwai warin ƙuna. Juya fankar da tsinke ka ji ko tana tafiya ba gargada. Ɗaga shi ka ji nauyinsa, don wanda ka ji sakayau a hannu babu abin kirki a cikinsa, kodayake nauyi shi kaɗai ba shaida ba ne.

Sannan ka ce wa mai shago, "Yallaɓai, a gwada mini a gabana." Mai gyara na ƙwarai zai haɗa koriyar waya da baƙa a babban filogin, fanka ta tashi. Kada ka tsaya a nan, don juyawar fanka ba ta nuna lafiya. A ɗauko mita. Rawayar waya ta ba da kusan 12, ja ta ba da 5, mai ruwan lemo ta ba da 3.3. Mafi kyau ma a ɗaura shi a kwamfuta a ba ta aiki na rabin awa, a sake aunawa tana cikin aikin. Ka nemi rasit da aka rubuta lambar samfurin da kwanakin garanti. Sabon fawa fak na kirki kamfaninsa yakan ba shi shekara 3 zuwa 5, wasu har 10, amma a kasuwarmu abin da mai shago ya rubuta da hannunsa shi za ka iya riƙewa.

In ka kai gida, ɗaga kes ɗin daga ƙasa, kada ka jingina bayansa da bango. Lokacin hunturu ƙura na shiga ta fanka ta kwanta a ciki, ta toshe iska, zafi ya taru. Ka riƙa kashewa kana zarewa kana hure shi da bulowa ta waje, kana riƙe fankar da tsinke kada ta yi ta juyawa. Wanda ya sayi irin da ake cire wa wayoyi, ya sani wayar wani fawa fak ba ta wani ba ce, ko da bakin ya shiga daidai, don kowane kamfani da yadda ya jera nasa, kuma haka ake ƙona SSD da duk abin da ke cikinsa.

Abu ɗaya kuma nake roƙon ƙannena masu son koyon gyara. Kada ku kwance murfin fawa fak in ba a gaban wanda ya iya ba. Babban kafasitan da ke ciki yana riƙe wuta mai kusan bolt 400, kuma yana iya ci gaba da riƙe ta bayan an zare waya daga bango. In fiyus ɗinsa ya ƙone, akwai abin da ya ƙona shi, kuma ɗaura siririyar waya a madadinsa cire wa gidan kariyarsa ta ƙarshe ne. A kai wa mai sana'ar, ko a sayi wani.